Baba a Cikin Rumbun Yaya

Abin da Baba ya bar mana bayan rasuwarsa kwalaye ne goma sha huɗu, cike da faya-fayan fim da tsofaffin kaset. Shagon hayar finafinai gare shi a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi, kuma tun kafin ya kwanta ciwo mutane suka daina zuwa, kowa ya koma kallo a wayarsa. Da ni da Inna muka koma gidan Yaya da zama, a hawa na uku na wani dogon bene, kwalayen suka biyo mu, suka cinye rabin falo. Anti, matar Yaya, ta yi wata biyu tana tuntuɓe da su, sannan ta ce ko kwalayen su fita ko ita ta fita.

Yaya ya ce babu mai fita, ilimi zai raba gardama.

A shagon sayar da tayil yake aiki. Amma tun ranar da ya gyara wa maƙwabciyarmu rimot, ta hanyar juya batirin da ta sa a baibai, mutanen bene suke ce masa Injiniya, shi kuma bai taɓa hana su ba. Wata Asabar ya shigo rungume da wani baƙin akwati da bai fi burodi biyu girma ba. Ya sa na sauke buhun shinkafa daga kantar sito, ya shimfiɗa tawul, ya ɗora akwatin, ya ja masa waya, ya kafa masa 'yar fanka tasa shi kaɗai. Mu fankar ɗakinmu ta shekara tana kuka, ko kallonta bai yi ba.

Ya tara mu a ƙofar sito ya ce, "Wannan sunansa Rumbu. Duk abin da ke cikin kwalayen nan cikinsa zai shiga. Daga nan ko mutum yana falo, ko yana ɗaki, ko yana banɗaki, ya ɗauki waya ko ya kunna talabijin, fim zai taso daga sito ya same shi ta iska. Ba faifai, ba kaset, ba tashi."

Inna ta ce, "To in iskar ta kaɗa ta kai wa maƙwabta fa?"

"Inna, ba irin wannan iskar ba ce."

"Au, iri-iri ce?"

Sai ya shiga kafa dokoki. Kada a zare wa Rumbu waya. Kada a soya albasa ƙofar sito tana buɗe. Kada a ɗora masa komai a ka. Dokar ƙarshen nan saboda Anti aka yi ta, don a rana ta biyu ta gano akwatin yana da ɗumi, ta shanya safar Yaya a kansa.

Aikin zuba finafinan ni aka ba, tunda a cewar Yaya ni ce ba ni da aikin yi, in ban da girki da wanki da shara da kula da Inna. A aji huɗu na bar makaranta, lokacin da ƙafar Inna ta fara ciwo, amma ina karanta Hausa, ina kuma rubuta ta da yatsa ɗaya. Aikin ba wuya. Zan sa faifai a kwamfuta, in jira wani koren layi ya cika, sai kwamfuta ta tambaye ni sunan fim ɗin. Nan ne kawai gizo yake saƙa, don sunayen da harsunan waje suke, rabin faya-fayan ma ba su da bango.

Sai na bi hanyar Baba. A shagonsa babu wanda ya taɓa zuwa ya faɗi sunan fim. Mutum zai jingina da kanta ya ce, "Ba ni na mutumin nan da ya yi ta gudu a saman jirgin ƙasa." Saboda haka Baba yake manna farar takarda a jikin kowane faifai, ya rubuta abin da mutane suka san shi da shi. Na riƙa kwafe rubutunsa. Mai gemu da aka sace wa 'ya. Kare ya fi maigidan hankali. Jirgi ya ƙi sauka. Kuka tun daga farko har ƙarshe. Duka kawai, ba labari. Duka kawai, ba labari, na biyu. Wanda takardarsa ta ɓare, sai in kalli abin da ya samu in raɗa masa suna da kaina. Wata bakwai na yi ina wannan, fim dubu biyu da ɗari uku. Har ta kai ko daga madafa na ji kiɗan farko, na san wanne aka kunna.

A ƙasan kwali na ƙarshe na tarar da wani kaset da babu rubutu a jikinsa. Na sa shi a tsohuwar na'urar da Yaya ya aro ya haɗa da kwamfuta. Hoto ya fito yana rawa, dishi-dishi. Sai ga kantocin shagonmu. Sai ga Baba, da tabarau a kan hanci.

Wani mai zuwa haya ne ya sayi sabuwar kyamara ya gwada ta a shagon, shekaru da yawa da suka wuce. Minti goma sha ɗaya ne duka-duka. Ban motsa ba har koren layin ya cika. Da na danna a fito da kaset ɗin, na'urar ta yi wani ƙara kamar ta shaƙe, ta tauna zaren. Da kyar na zaro shi, ya fito a cukurkuɗe, ya tsinke gida uku. Daga ranar babu inda Baba ya rage yana motsi yana magana sai cikin baƙin akwatin nan da ke kusa da buhun shinkafa. Na sa masa suna Baba a shago.

Na faɗa wa Yaya. Ya ce, "To, to, madalla, zan gani," idonsa yana kan fitilun Rumbu. Bai gani ba. Dama Yaya ba ya kallon fim. In ya kunna, sai ya tashi ya kai hancinsa jikin talabijin, ya ce, "Ku dubi gashin girar mutumin nan! Ɗaya bayan ɗaya!" Kafin mu gane waye mai girar, ya kashe ya kunna wani. Tun da Rumbu ya shigo gidan ba mu taɓa ganin ƙarshen komai a falo ba.

Inna kuwa ta gani. Na kai mata a wayata, ta kalla, ta ce in maimaita. Daga nan kullum da safe, in Yaya ya fita, ta sha shayinta, sai ta ce, "Auta, kira min mutumin." In jingina mata wayar da gwangwanin madara in fita in ba su wuri. Abu ɗaya ta gargaɗe ni. "Kada ki kuskura yayanki ya ji. Zai ce tsohuwa ta zauna tana kallon miji kamar wata amarya."

Haka muke har ranar Larabar da Yaya ya dawo da labarin cewa Manaja zai zo ganin Rumbu ranar Asabar. Manaja shi ne shugabansu a shagon tayil, kuma yana da nasa akwatin, wanda aka ce ya ninka namu huɗu. Yaya ya kunna talabijin don ya ga abin da baƙo zai gani. Sunayen nan ya saba ganinsu kullum, amma ranar kamar bai taɓa ba.

"Duka kawai, ba labari? Auta! Manaja zai zauna a kujerar nan ya karanta Kare ya fi maigidan hankali? Mutumin da ya shiga jirgin sama sau biyu?"

Anti ta ce, "Ai sai ka nuna masa Jirgi ya ƙi sauka."

Yammacin nan ya sa wa Rumbu wata manhaja. Ya ce ita za ta leƙa kowane fim, ta tambayo intanet sunansa na gaskiya, ta ɗauko hoton bangonsa ta manna. Kafin a idar da girki, aikin wata bakwai ya shafe. Allon ya cika da hotuna masu ƙyalli da sunayen da duk gidan babu mai iya furta su, har shi Injiniyan, wanda yake karanta harafin farko da ƙarfi ya haɗiye sauran.

Manhajar kuma ta ce sai an gaya mata su waye a gidan, kowa babba ne ko yaro. Babba yana iya sauya abu ko ya goge shi, yaro sai dai ya kalla. Yaya ya yi nazari, ya ga babban da ya cancanta a gidan mutum ɗaya ne. Ni da Anti da Inna aka rubuta mu yara. Manhajar ta ba kowane yaro hoto. Ni zomo, Anti biri, Inna 'yar agwagwa.

Anti ta ce, "Ni ce yarinya? Ni ce biri?"

"A tsarin na'ura ne kawai."

"To gobe ka ci abinci a tsarin na'ura."

Ta duba wayarta ta ga duk finafinan duka sun ɓace, har na biyun. Yaya ya ce ai gata ne manhajar ta yi mata, duk abin da zai tsorata yaro ɓoye masa take yi. Na ji maganar, amma ban ɗauke ta da wani nauyi ba.

Washegari Inna ta ajiye kofi ta ce, "Auta, kira min mutumin."

Na rubuta Baba a shago. Babu. Na rubuta Baba kawai, sai ga wani Bature yana goye da jarirai biyu. Na rubuta shago, sai ga wasu 'yan mata suna rawa a cikin kanti. Na ce wa Inna iskar ce ba ta da ƙarfi yau. Ta kalli taga, inda labule yake kaɗawa.

Da yamma, Inna tana ɗaki, Yaya ya zauna a falo yana murmushi shi kaɗai. Ya ce ya samo abin da zai burge Manaja da shi. Rumbu ya kusa cika, manhajar kuma ta ware masa duk finafinan da hotonsu bai fita tas ba, ta tara su wuri ɗaya, sun kai ɗari uku. Maɓalli ɗaya zai danna su tafi.

"A gabansa zan danna. Ina da tabbacin ba a taɓa goge fim ɗari uku a gaban Manaja ba."

A duk Rumbu babu hoton da ya kai na Baba dishi-dishi.

Ni dai haka aka halicce ni, in mutane suka wuce ɗaya a ɗaki, muryata maƙalewa take yi. Na buɗe baki sau biyu iska kawai ta fito. Anti ta zungure ni ta ce, "Ke, in magana ce ki yi ta, kin tsaya kamar kifi."

Na ce, "Yaya, na Baba ma yana da hazo."

"Na wa?"

"Na Baba. Wanda na ce maka. Na neme shi ban gani ba."

"Yana ciki. Rumbu ba ya ɓatar da komai."

"To kada a goge shi."

Ya yi dariya irin ta masu ilimi. "Auta, manhajar nan mutanen da suka yi ta ko hutawa ba sa yi don karatu. Finafinai take gogewa, ba iyayen mutane ba. Tashi ki duba tukunya."

Ban faɗa wa Inna ba. Na ce zan nemo shi da kaina, in nuna wa Yaya da yatsa, tunda yatsana ya fi bakina ƙarfin hali. Ranar Juma'a tun da na gama shara na zauna da wayata ina bin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya. Sunayen ba su da amfani a wurina, amma fuskokin na san su. Ga mai gemu. Ga karen da maigidansa. Wanda na yi shakka sai in buɗe in gani. A nan na gano manhajar ba ta iya cewa ban sani ba. In ba ta gane fim ba sai ta manna masa duk bangon da ya zo hannunta. Wani fim na kuka ta ba shi hoton masu tseren keke. Na bi su duka har idona ya yi ja, shinkafa ta kama, Anti ta rufa min asiri ta ce ita ce ta manta. Baba ba ya ciki.

Ranar Inna ba ta ce in kira kowa ba. Ta sha shayinta, ta gyara wa gwangwanin madara zama, ta yi ta kallonsa. Da ta tambaya ma da ya fi min sauƙi.

Manaja ya iso ranar Asabar bayan azahar, turarensa ya riga shi hawowa bene. Ƙato ne mai wayoyi uku, yana haki yana tambayar wanda ya ba da shawarar a yi gida a hawa na uku. Kafin a ba shi ruwa Yaya ya kai shi sito su gaisa da Rumbu. Manaja ya sunkuya ya kara kunnensa, kamar likita.

"Ba laifi. Nawa ya fi shi shiru. Fim nawa ne a ciki?"

"Dubu biyu da ɗari uku, ranka ya daɗe."

"Ƙoƙari ne. Haka ni ma na fara."

Suka dawo falo. Yaya ya riƙa kunna fim yana kai hanci, Manaja yana tasowa ya kai nasa, su yaba gira, su kashe. Ina jin su daga madafa. Can na ji Yaya ya gyara murya ya ce, "Yanzu, ranka ya daɗe, zan nuna maka yadda muke yi da shara a gidan nan."

Na ɗauki tiren shayi na fito.

A allon ga finafinai ɗari ukun nan a jere, Yaya yana gangarawa da su a hankali don baƙo ya ga yawan abin da za a yi asara. Talabijin ɗin da sunansa aka buɗe shi, sunan babba, shi ya sa na ga hotunan da jiya ban gani a wayata ba. Ga Duka kawai, ba labari. Ga na macijin da ya shiga asibiti. Duk na san su. Sai ga wani da ban taɓa gani ba tun da nake. Wani koren dodo ne mai ido ɗaya, baki a wangame, gatari a hannu. A ƙarƙashin kowane hoto akwai lambar da ke nuna tsawon fim ɗin. Lamba kam ina karanta ta da kowane harshe aka rubuta. Na dodon nan goma sha ɗaya ce.

A kwalayen Baba kaf, abu ɗaya ne mai minti goma sha ɗaya. Nan take maganar ranar Laraba ta dawo min. Manhajar ba ta san Baba ba, ta ba shi bangon dodo, sannan ta ɓoye shi kada ya tsorata zomo da agwagwa.

Wani jan akwati ya fito a tsakiyar allon. Yaya ya ɗaga rimot ya kalli Manaja. Na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Amma na san abu ɗaya game da rimot. In mutum ya tare 'yar jar fitilar da ke ƙasan talabijin, ba ya aiki, don kullum ina shara sai Yaya ya yi min tsawa a kan haka. Na taka da tirena na tsaya a gaban fitilar.

Yaya ya danna. Shiru. Ya sake dannawa.

"Auta, matsa."

Ban matsa ba.

"Ke Auta! Ajiye shayin ki ba mu wuri." Ya juya wajen Manaja yana yaƙe. "Ƙanwata ce, ranka ya daɗe. Kunya gare ta."

"Na ga alama," in ji Manaja.

Na kalli ƙasa, na ce wa tayil ɗin falo, "A buɗe dodon."

"Me kika ce?"

Anti, da ke tsaye a ƙofar madafa, ta ce, "Ta ce a buɗe dodon. Ni biri ma daga nan na ji."

"Wane dodo?"

Na nuna da haɓa, tunda hannuwana a riƙe suke. "Koren. Mai gatari. A buɗe shi kafin a goge."

Manaja ya leƙa ta gefena, sai ya kwashe da dariya har wayarsa ɗaya ta zame. "Wannan? Ai ina da shi! Nawa ma ya fi wannan fita. Sau uku na kalle shi. Daga cikin teku dodon yake fitowa, ya cinye gari guda, sannan sojoji su zo da jirage."

Anti ta ce, "Duk a minti goma sha ɗaya, ranka ya daɗe?"

"Dodon yana da sauri." Ya gyara zama. "Injiniya, buɗe mata. In ta ga abin da idonta ita da kanta za ta ruga, ka ga mun huta."

Maganar Manaja ba a musa ta. Yaya ya harare ni harara mai cewa za mu haɗu anjima, ya janye jan akwatin. Sai da na ga ya ɓace sannan na matsa taku ɗaya. Ya danna dodon.

Allon ya yi duhu, ya yi ƙasa-ƙasa da sama-sama, sannan kantoci suka fito cike da kaset. Wata murya ta cika falon.

"Kai, kawar min da abin nan daga fuska. An ce maka ni ɗan wasa ne?"

Rimot ɗin ya sauka a cinyar Yaya.

Baba ya gyara tabarau ya juya wajen wani mutum da ya jingina da kanta yana ta fama da wani sunan waje. Ya ce, "Malam, bar sunan nan kada ka ciji harshenka. Me ya faru a ciki?"

"Wani ne aka yi wa sata."

"'Ya ko mota?"

"'Ya."

"Mai gemu ko mara gemu?"

"Mai gemu."

Ko waiwayawa Baba bai yi ba, ya miƙa hannu baya ya zaro kaset ya ajiye masa.

Manaja ya kurɓi shayin da ya ɗauka da kansa daga tirena. Ya ce, "E, haka yake farawa. Wannan tsohon shi za a fara cinyewa. Dodon sai can gaba yake fitowa."

"Ai shi ne dodon, ranka ya daɗe."

Inna ce. Ban san lokacin da ta fito ba. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinmu, ta dogara da sandarta, ɗankwali a karkace.

"Shekara talatin da ɗaya ina aure da shi. Bai taɓa ganin teku ba."

Shayi ya sarƙe Manaja. Anti ta miƙa masa ruwa ba tare da ta kalle shi ba. Ya tashi ya ba Inna kujerarsa, ya koma gefe ya tsaya riƙe da wayoyinsa.

A allon mai kyamarar yana tambayar Baba yadda yake gane inda kowane kaset yake. Baba ya ce, "Babban ɗana ya ce in sayi kwamfuta ta riƙa jera min su. Na ce masa to. Yaron yana da kai, wallahi yana da kai. Sai dai in ya ga abu yana tafiya daidai, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya gyara shi." Ya yi dariya har tabarau ya zamo. "Amma shi zai riƙe gidan. Ka rubuta ka ajiye."

Yaya ya tashi ya nufi talabijin kamar yadda ya saba. Ya kai fuskarsa dab da allon. Na jira in ji ya ce hazo ya yi yawa. Bai ce ba. Ya tsaya a nan, hannunsa ɗaya a gefen talabijin, ya tare mana rabin Baba, kuma babu wanda ya ce masa ya matsa.

Kusa da ƙarshe haske ya shigo shagon, alamar an buɗe ƙofa. Wani hannu ya bayyana a gefen hoton, mai awarwaro biyu, riƙe da fulas. Fuskar ba ta fito ba, hannun kawai. Baba ya washe baki ya ce, "Ga mai shayina ta iso." Wata siririyar murya ta ce, "Ka sha tun da zafi, kada ka tsaya surutu." A kujera Inna tana motsa leɓe tare da muryarta ta wancan lokacin. Daga nan allon ya yi baƙi.

Shi ne abu na farko da aka kalla daga farko har ƙarshe a falon nan.

Manaja ya tuna yana da wani taro. A bakin ƙofa ya ce wa Yaya mai yiwuwa nasa kashi na biyu ne. Yaya ya raka shi hawa ɗaya kawai ya dawo, ya shiga banɗaki ya daɗe yana wanke fuska. Da ya fito ya zauna ya cire Baba daga cikin shara, ya kwafe shi a kwamfuta, ya kwafe a wayarsa da tawa, yana yi yana faɗa wa iska cewa dama ya san manhajar nan ba ta da tarbiyya.

Ya ce, "Inna, yanzu zan cire wannan mummunan hoton in sa na kirki."

Inna ta daɗe tana kallon koren dodon, da idonsa ɗaya da bakinsa a buɗe.

"Bar shi. In aka dawo masa da kaset a tsinke, haka yake komawa."

"Inna, in na bar shi manhajar ba za ta nuna miki ba. Ba ta nuna wa yara dodo."

"To ya za a yi ke nan?"

Yaya ya sosa ƙeya, ya shiga danne-danne. Haka aka yi Inna ta girma tana da shekara sittin da uku. Agwagwar dai ta ce a bar mata, ta saba da ita.

Sauran ɗari ukun ba a goge su ba. Yaya ya miƙo min rimot yana kallon wani wuri, ya ce, "Ki bi su ɗaya-ɗaya, kada a je akwai wani ɗan'uwan a ciki. In kin ga dama ki mayar musu da sunayen da mutane suka sani. Amma na karen nan ki ɗan sassauta." Wannan aikin ba a ba yaro, dole ni ma aka ƙara min girma.

Anti ta ce, "Ni fa?"

Ya ce ai ba a taru duka an zama manya rana ɗaya ba, gida sai ya lalace. Ta ce babu komai, ta shiga madafa ta buɗe ƙofar sito ta ɗora albasa a wuta.

Washegari da safe Yaya bai fita da wuri ba. Ya riƙa zagaye a falo yana neman makullin da ke hannunsa. Inna ta gama shayinta, ta kalle shi, ta kalle ni. Ta ture gwangwanin madara gefe, ta nuna babban talabijin da sandarta.

"Auta, kira min dodona."